Kwana Biyar a Layi

Ƙarfe biyu da kwata na dare a Oulu.
Na jingine kekena a ƙofa, dusar ƙanƙara ta binne sirdinsa.
Kofi mai ɗaci, allo mai haske,
injuna na gurnani bayan gilashi kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Aikina gadin layi.
Ba na buɗe wasiƙar kowa.
Bayan ambulan kaɗai nake gani: daga wane, zuwa ga wance.

Duk wadda ta iso, na'ura ta tsaga adireshinta biyu
daidai kan alamar nan mai nannaɗe kamar katantanwa.
Hagu sunan mutum, ba ruwanta da shi tukuna.
Dama sunan gida, shi take cigiya.
Ta tambayi masu riƙe da kundin sunaye:
wa ke karɓar saƙo a gidan nan?
Su ce ga ƙofa mai lamba goma,
in ta ƙi buɗuwa, gwada mai ashirin.

Ta yi sallama, ta faɗi sunanta.
Daga ciki a ce an ji.
Daga wa? Ta faɗa. Na wa? Ta faɗa.
Ɗari biyu da hamsin, wato miƙo.
A buga hatimi da sa'a da daƙiƙa,
kafin in kai kofi baki saƙo ya sauka Osaka.
Dubu arba'in a dare guda,
ba wanda ake yi wa rakiya.

Sai guda ɗaya.
Toivo Rautio zuwa ga Sirkka Rautio,
kullum bayan dare ya raba, 'yar ƙarama, ba nauyi.
Gidan na nan, daga Tampere ƙofar ke amsawa,
amma da an ambaci sunan sai a ce
ɗari huɗu da hamsin da biyu.
Akwati ya cika, a dawo an jima.

Na'ura ba ta san zuciya ba.
Bayan minti goma sha biyar ta koma.
Bayan awa ɗaya ta koma.
Bayan awa huɗu, da sallamar jiya, da ladabin jiya.
Ranar ta biyar ta naɗe wasiƙar,
ta liƙa mata takardar ban haƙuri,
ta mayar wa mai ita.
Don haka kullum biyar nake tararwa a layi,
ta gaba na shirin juyawa, ta baya yanzu ta zo.

Wata Laraba cikin Fabrairu waya ta yi ƙara.
Jarmo ya tafi ɗumama miyar kifinsa, ni na ɗauka.
Murya kamar tsohuwar ƙofar katako.
Na ce, dattijo, laifin ba daga wajenmu ba ne,
akwatin matar ne ya cika,
sai ta shiga ta share wasu.

Ya yi shiru har na ji agogon bangonsa.
Ya ce, na sani, ni na cika shi.
Shekara uku ke nan ba mai sharewa.

Na riƙe waya, bakina ya mutu.

Ya ce, ba ƙara na kawo ba.
An ce mini kafin ta dawo
sai ta yi ta zuwa tana ƙwanƙwasawa. Haka ne?
Na ce haka ne.
Sau nawa?
Na ƙirga masa daga allo: talatin da ɗaya.
Ya maimaita, talatin da ɗaya,
kamar mai gwada nauyin abu a tafin hannu.
Ya ce, kwana biyar ɗin, ba a ƙarawa?

Ƙa'ida ta ce biyar.
Layi ɗaya ne a cikin fayil, kowa da shi ake auna masa.
Na ce zan tambaya. Ban tambaya ba, ban kuma taɓa lambar ba.

Ƙarfe shida na share sirdi da hannun riga.
Kogi a daskare, gari bai waye ba, ba zai waye da wuri ba.
A bayana ta Asabar ta sake fita,
ta yi sallama a Tampere,
ta faɗi sunanta.